Man Zafi a Kan Ƙurajen Inna

Ni da kake gani, ina ɗan shekara goma na fara aikin likita, kuma a nan Madina, daga unguwar Jurf har Awali, ba a taɓa yin likitan fata irina ba. Haka nake faɗa wa ’ya’yana duk ranar da warin man zafi ya daki hancina. Su kuwa su ce min “ɗayyib, ya baba” da Larabcinsu, su koma kan waya. To, kai da ka tsaya, bari ka ji yadda aka yi.

Gidanmu na Jurf ɗaki biyu ne, da tsakar gidan da ba ta wuce shimfiɗar darduma huɗu ba. Akwai Kaka, akwai mahaifiyata mai fita aikin gidan Larabawa tun da safe, akwai ni, sai ƙanin mahaifiyata. A waje, cikin farar jallabiya, kawu nake cewa, kuma haka iƙamarsa ta nuna, wato takardar zama. Da an turo ƙofa an rataye jallabiyar a ƙusa, sai zani da ɗankwali, ta koma Inna ƙarama. Ban taɓa rikicewa ba. Mutanen unguwa suna cewa ɗan daudu, ita tana cewa mace ce ita, Allah ya san zuciyarta. Kaka ba ta cewa komai, sai dai jan carbi. Ni abin da na sani, Inna ce ta yi min wanka, ita ta goya ni da nake ƙyanda, kuma wainarta da tuwonta ne suka riƙe gidan.

Da can tsumma take cusawa a rigar nononta, shekara da shekaru ba abin da ya same ta. Sai wata hajiya mai sayen waina ta kawo mata tsaraba: nonon roba guda biyu, na silikon, masu taushi kamar malmalar tuwon shinkafa. Ranar da ta fara sa su, tafiyarta ma ta canza. Daga murhu zuwa randa taku biyar ne, amma sai da ta yi shi kamar mai ratsa filin biki.

Abu ɗaya ya dame ta, warin roba. Mu kuwa jininmu na Chadi ne, ba abin da ke taɓa jikin mace bai sha humra da turaren wuta ba. Sai ta riƙa mulke su da humra, ta turara su a kan kasko, ta manna a ƙirji tun hantsi, ta zauna gaban tanda har magariba. Kuma lokacin nunar dabino ne, zafin Madina na gaske, wanda in ka ajiye ƙwai a taga kafin ka ɗauko gishiri ya dahu.

Fatar ta fara yin ja, sai ƙananan ƙuraje, sai ƙaiƙayi, sai suka fara fashewa suna ruwa. Ta ɓoye. Ba don ba ta san hanyar asibiti ba. A can likita zai ce a ɗaga riga, ga takarda ta ce namiji, ga shatin abin nan zagaye biyu a ƙirji. Daga tambaya sai tambaya, ƙarshenta kuma tarhil, a sa mutum a jirgi a mayar da shi ƙasar da ya baro yana rarrafe. Ga ciwo yana ci, ga tsoron tonon asiri.

Na dawo daga makaranta wata rana na same ta tana susa da gindin muciya, hawaye na zuba.

Na ce, “Inna, ina da magani.”

Ta ce, “Ya walad, tafi ka ba ni wuri.”

Na ce, “Wallahi wanda Kaka ke shafa wa gwiwa. Abin da ya iya da gwiwar Kaka, ƙuraje su wane ne?”

Azaba ta sa ta yarda da hujjar yaro. Na sato kwalbar daga ƙarƙashin matashin Kaka, na miƙa mata, har da umarnin a shafa da kauri. Ta juya baya ta shafa. Na tsaya ina jiran godiya.

Ihun da ta yi, na rantse sai da tattabarun Harami suka tashi. Ta zabura ta buɗe famfo, ruwan tankin saman soro kuwa da azahar shayi kawai ya rage a zuba masa. Ta sake wani ihun da ya fi na farko. Kaka ta fito da gorar ruwan sanyi daga tallaja, wato firji, ta kwara mata, ɗayan hannun kuma ya sami kunnena ba tare da ta ko dube ni ba. Har yau kunnen nan ya fi ɗan’uwansa tsawo.

Da aka lafa, Kaka ta duba ƙirjin, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, “Kwana nawa?”

“Goma, Iya.”

“Kwana goma ana dafa tuwo ana dafa mai tuwo?” Ta ɗauki ɗaya daga cikin robar da yatsu biyu, ta sansana. “Har roba sai ta sha humra?”

Na zaci bola za ta jefa su. Sai ta ajiye, ta sa abayarta, ta fita cikin ranar nan. Ta dawo da maƙwabciyarmu, wata ’yar Sudan mai aikin jinya. Inna ta ja zani ta rufe fuska, don daga bakin matar nan zuwa kunnen unguwa ba nisa. Matar ta wanke hannu, ta duba, ba ta tambayi abin da bai shafi ciwo ba. Ta ce gumi ne ya rasa hanyar fita, ga turare yana cin fata. A huta da sawa har ta warke, a wanke da sabulu marar ƙamshi, ga maganin shafawa. In zazzaɓi ko mugunya ta zo, asibiti dole, kuma ita da ƙafarta za ta raka ta. Ta dube ni ta ce, “Shi kuma daktan nan a ɗaure masa hannu.”

Ba a kai ga asibiti ba. Sati uku Inna na yawo a gida kamar an yi mata sata, ba ta ko kallon madubi. A cikin kwanakin ne na ga Kaka ta ciro tsohon rawanin marigayi kakana, farar auduga da ta sha wanki. Ta ɗora robar a cinya, abin da a da ba ta yarda ko ta kalla, ta auna da tafin hannu, ta yanka rawanin. Ta ɗinka musu riguna biyu-biyu, a sa ɗaya a wanke ɗaya. Ta miƙa wa Inna ta ce, “Humra a bayan kunne. Kuma ban da gaban wuta.” Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan zancen ke nan.

Kaka tana kwance a Baƙi’a yanzu, Allah ya haskaka kabarinta. Maƙwabciyar ta koma ƙasarsu da asirinmu a cikinta, ba ta zubar da ko ɗigo ba, kullum ina sa ta a addu’a. Yau irin kayan nan ta waya ake saye, har da rigarsu ta auduga, sai dai ban san ko kowa na samun mai ɗinka masa da rawanin mijinta ba. Inna tana wajena a unguwar Sultana, ta tsufa, gwiwa ta kama ta, ni nake sayo mata man zafin.

Shekaranjiya ina miƙa mata kwalbar na dubi yara na ce, “Ku tambaye ta wanda ya fara yi mata magani a Madina.”

Ta karɓa, ta duba murfin da kyau, ta ce, “Shekara arba’in ina suya, ɗan nan, ba wanda ya taɓa soya ni sai kai.”