Makullin But ɗin Motar Baba

Da mahaifinmu ya rasu, komai ya rabu lafiya sai motarsa. Gidan Ƙofar Wambai ya rabu, gonar Inkil ta rabu, 'yan'uwanmu mata suka karɓi nasu suka yi addu'a. Motar ce ta faɗo a rabonmu ni da yayana: tsohuwa ƙirar Faransa, fara, irin wadda samarin yanzu ke jingina da ita su ɗauki hoto. Ban yarda a sayar ba saboda Baba. Shi kuma bai yarda ba don kada a ce na fi shi son Baba.

Baffanmu ne ya yi rabon, kuma mutum ne mai son dabara. Irin motocin nan makulli biyu gare su, ɗaya na ƙofa da tayarwa, ɗaya na but, wato akwatin kaya na baya. Sai ya miƙa wa Yaya na tayarwa, ya miƙo mini na but. Ya ce ta haka ba mai sayarwa a bayan idon ɗan'uwansa, kuma dole mu riƙa gaisawa. Na daɗe ina koya wa yara rabi da kwata a kan allo, ban taɓa cin karo da rabi irin wannan ba. Shi ya samu inji da kujeru, ni na samu akwati.

Sai dai a cikin akwatin safaya take, da jak, da sifana. Tayoyin motar kuwa sun cinye har sun yi sulɓi kamar goshin jariri. Duk ranar da taya ta yi faci, Yaya, wanda ko a sallar Idi ba ya fara gaishe ni, dole ya kira wayata. Wannan kiran shi ne dukan gadona a motar, kuma ina cin moriyarsa a tsanake. Nakan ƙarasa shayina tukuna.

Wata ranar damina ya kira daga hanyar Gubi. Na hau keke Napep na same shi a gefen titi, babbar rigarsa duk taɓo.

"Malam ya iso," in ji shi. "A tashi tsaye, yara."

"Sannu da hutawa, Yaya."

Na zura makulli na murɗa, but ya buɗe. Da na zo zarewa sai na ji ƙas. Kan makullin ne kawai a hannuna, sauran ya zauna a ciki. Duk tsawon canjin tayar Yaya yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Da igiya muka ɗaure but muka dawo gari.

Washegari muka je wurin wani dattijo mai yankan makulli a bakin kasuwar Wunti. Ni ban yarda Yaya ya je shi kaɗai ba, shi ma haka. Dattijon ya kwance gidan makullin daga murfin but, ya zaro guntun da ya maƙale, ya haɗa shi da wanda ke hannuna, ya girgiza kai. Ya ce ya cinye da yawa, in ya yanka sabo a kansa ɓata ƙarfe zai yi. Abin yi shi ne a nemo wani makullin da ke shiga, a gyara gidan ya karɓe shi.

"Shi ke nan," in ji Yaya, ya ajiye nasa a kan tebur. "Ga makulli yana shiga. Gyara shi a kan wannan."

"A kan wanne?" na ce.

"Mota ɗaya, makulli ɗaya. Haka ake yi a duniya."

"A duniya ba Baffa ya raba musu gado ba."

"Kai da ko tuƙi ba ka iya ba! Me kake ajiyewa a ciki, alli?"

"Haƙƙina nake ajiyewa, Yaya. Ba ya cin wuri."

Dattijon ya dube mu ta saman tabarau. "Alhaji, Malam, ku daidaita. Wa zan yi wa aiki?"

Na ce but nawa ne, da shaidu. Yaya ya yi tsaki ya ɗauke makullinsa, ya ce a yi wa ɗan boko abin wasansa.

Dattijon ya juye wani gwangwani cike da tsofaffin makullai, ya yi ta gwadawa har ɗaya ya shige. A jikin gidan makullin akwai 'yan siraran haƙora na tagulla a jere. In makullin asali ya shiga, duk sai su kwanta daidai da jikin ƙarfen, gidan ya samu juyawa. Da baƙon makulli ya shiga, wasu suka kwanta, wasu suka leƙo waje kamar yaran bayan aji. Ya ciro su, ya sauya musu gurabe, biyu suka daidaita. Sauran suka ƙi. Ya ce in za mu bar masa zuwa jibi, zai nemo haƙoran wata matacciyar mota.

Na dubi Yaya. Jibi na nufin but zai kwana biyu a ɗaure da igiya a ƙofar ɗakinsa, ga wuƙa a kowane kicin. Na ce yau nake so. Dattijon ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko magagari, ya goge duk haƙorin da ya leƙo har ya shafe. Ya mayar da gidan a murfi, ya miƙo mini sabon makulli. Na rufe, na buɗe, na sake rufewa. Laushi kamar man shanu. Na sa makullin a aljihu a hankali, yadda Yaya zai gani.

Shi kuwa ya daɗe yana kallon garin tagullar da ya zuba a kan tebur. Sai ya tako, ya zura makullinsa na tayarwa a but, ya murɗa. Murfin ya ɗaga.

Ya rufe. Ya ari wani makulli daga gwangwanin, na wane ne oho, ya murɗa. Ya ɗaga.

"Allahu akbar," in ji Yaya. "Malam, ashe rabonka waƙafi ka yi wa al'umma."

Dattijon ya ce ai haƙoran da aka goge su ne masu gadi, shi abin da aka sa shi ya yi. Ban yi musu ba. Yaya ya shiga mota yana dariya har da tari, ya leƙo ta taga ya ce in goge lambarsa, shi ma yau zai goge tawa, don ba ta da sauran amfani.

Da la'asar ya fita masallaci a ƙafa, ya bar motar a ƙofar gidan da muke zaune, kowa da ɗakinsa. Na je na buɗe but da makullina, tunda har yanzu yana buɗewa kamar na kowa. Baffa bai ce ƙarfen murfin kaɗai ya ba ni ba. Na gangaro da safaya har ɗakina, na dawo na ɗauki jak da sifana, na tura su ƙarƙashin gado, bayan kwalin littattafai. Ƙofar ɗakina kwaɗo ne da ita, haƙoransa cikakku.

Ba a yi mako ba wayata ta yi ƙara. Hanyar Inkil ce wannan karon, kuma ina jin ruwa yana dukan rufin motar.

"But ɗin ba komai a ciki!" ya ce, ko sallama babu.

"Wa'alaikumus salam, Yaya," na ce. "Bari in ƙarasa shayina."