Gwadon Malam Ilu Tsakanin Marke Biyu

Abin nan ya faru da ni shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin ina aikin malamin daji a wani gandun gwamnati can wajen Miga. Ba zan faɗi sunan gandun ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyen da ke jikinsa ba, don mutanen suna nan da ransu. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ruwansa, ni dai na rantse da Wanda raina yake hannunSa ban ƙara komai ba. Shekaruna sun wuce in zauna ina tsara ƙarya don a ce na iya labari.

Aikin malamin daji, ga wanda bai sani ba, gadin itatuwa ne. A ba ka kaki da adda da tsohon babur, a ce ka hana sara, ka hana ƙona gawayi, ka hana a cinna wuta. Ni karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, da kyar wani kawuna ya cusa ni, kuma a lokacin ina da 'ya'ya shida a ɗakin haya a unguwar Takur cikin Dutse. In aikin nan ya kuɓuce ba ni da gona, ba ni da sana'a.

A shekarar sai aka fito da sabuwar doka, wai kada wanda ya ƙara ɗaura igiya a jikin bishiya a cikin gandu, kada kuma a kwanta a ciki, dare ko rana. Dalili, makiyaya da masu tsintar ƙaro sun saba ɗaura buhu ko zane tsakanin itatuwa biyu su haye su kwanta, saboda kunama da maciji, mu lilo muke ce masa. Aka ce igiyar tana cin ɓawo tana kashe itace, aka kuma ce miyagu na iya fakewa da haka su yi sansani. Ogammu ya tara mu a ofis a Dutse ya karanta takardar, ya ce duk wanda aka zo rangadi aka tarar da lilo ɗaya a yankinsa, ya ajiye kakin a nan ya tafi gida. Mutumin da ko sunan itatuwan bai sani ba, amma shi ne oga.

Makiyaya ba su ba ni wahala ba. Ka yi magana, su kwance, gobe su koma wani lungu, ni ma in yi kamar ban gani ba. Wanda ya gagare ni tsoho ɗaya ne, Malam Ilu. Malamin allo ne a ƙauyen da ke bakin gandun, ya tsufa ya bar wa babban ɗansa makarantar, shi kuma kullum da hantsi sai ya shigo daji yana tsintar ƙaron da ake haɗa tawada da shi. In rana ta take sai ya nufi wasu marke guda biyu da ke tsaye kusa da juna, inda ya ɗaura wani farin gwado na saƙi da igiyar rama, tsayinsa daga ƙasa kamar ƙirjina, ya taka kututture ya haye ya yi barcin rana har azahar. Ba ya kwance shi ma, nan yake barinsa.

Zuwana na farko na yi sallama daga nesa, ya amsa daga cikin gwadon, muka gaisa har da tambayar iyali, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, doka ce aka kawo."

Ya leƙo da kai ya ce, "Ɗan gwamnati, dokar ta girmi marken nan ne?"

Na ce a'a.

"To ubana ne ya bar su da ya share gonar nan, kafin a zo a ce ta zama gandu. Bayana ba ya son ƙasa, tun ina yawon karatu a gabas na koyi kwana a sama. In bishiyar ta kai ƙarata wurinka, ka zo ka faɗa min."

Dariya na yi na tafi. Zuwa na biyu ma haka, har dabino ya ba ni, ya ce in kai wa yara. Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san yadda abin yake. Da zarar ka yi wa dattijo sallama ya amsa, kun gaisa, ya tambayi mutan gidanka, to bakinka ya mutu. Ta ina za ka ce masa sauko?

Ana nan cikin bazara, ranar wata Lahadi, oga ya kira ni a waya ya ce ranar Alhamis manya za su zo rangadi daga hedikwata, kuma an tsegunta masa akwai wani tsoho da ya mai da yankina ɗakin kwanansa.

"Ko surukinka ne?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, malami ne, dattijo."

"To ya ɗauke ka aikin wankin allo. Gobe ina son ganin tsumman nan a sito, ko shi ko kakinka."

Washegari Litinin na shiga daji da tsakar rana, zafi kamar ana hura wuta, ko tsuntsu ba ya motsi. Na ajiye babur nesa don kada ƙararsa ta tashe shi. Tun a hanya na gama shawara da zuciyata cewa ba zan yi sallama ba, don na san in na yi zai amsa, in ya amsa kuma na dawo hannu wofi. Na ce zan lallaɓa in sare igiyar wajen ƙafa, ƙafafunsa su zame su taɓa ƙasa, ya farka ya yi faɗansa, in ba shi haƙuri in naɗe gwadon. Dubi wannan tunani don Allah. Mutum mai 'ya'ya shida.

Na iso na tarar da gwadon ya yi nauyi ya lotsa a tsakiya, yadda yake yi in yana ciki. Wallahi na ga tafin ƙafafunsa biyu sun leƙo ta gefe ɗaya, da faso a dugadugansa, na kuma ji numfashin mai barci, gwadon yana ɗagawa yana sauka. Ba daga nesa na gani ba, taku biyu ne tsakaninmu. Na ɗaga adda na sari igiyar wajen ƙafar, sara ɗaya.

Ban san yadda aka yi ba, igiyar wajen kai ma ta tsinke a tare, ban taɓa ta ba. Gaba ɗaya abin ya faɗo tim, irin faɗuwar buhun gero, na kuma ji wani ƙas, sannan nishi guda ɗaya. Na yar da addar na durƙusa ina salati ina cewa Malam ka yafe ni, na buɗe gwadon.

Babu kowa a ciki.

Na ɗaga shi na kakkaɓe, na duba bayan bishiya, na zaga kututturen kamar mahaukaci. Ba sawu, ba takalmi, ba 'yar jakar da yake zuba ƙaro. Amma gwadon da ɗumi, ba ɗumin rana ba, don a inuwa yake, ɗumin jikin mutum, har da danshin gumi a inda baya yake kwanciya. Na daɗe a tsugune a wurin. Daga baya na naɗe shi na ɗaure a bayan babur, na kama hanyar Dutse, na miƙa shi sito. Oga ya ɗaga shi da ɗan yatsa ya ce, "A kan wannan ka so ka rasa abincinka?"

Talata da safe na kasa zama, na tafi ƙauyen. Tun daga bakin zaure na ga takalma da yawa. Babban ɗansa, wanda ake kira Malam Ƙarami, ya fito muka gaisa, na ce na kwana biyu ban ga Baba a daji ba ne na zo dubawa.

Ya ce, "Ai Baba kwanansa tara bai fita ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. To jiya kuma sai wani abu ya faru da har yanzu mun rasa kansa. Yana kwance a kan tabarma a nan zaure, a ƙasa fa, mu huɗu muna zaune muna jiran azahar, sai muka ji tim, kamar an jefo shi daga kan soro. Ƙura har ta tashi a gefen tabarmar. Mai ɗori ya zo ya ce ƙugu ya karye, da wani abu a gadon baya. Ya tambaye mu daga ina ya faɗo, muka ce ba daga ko'ina ba. Mutumin da ko juyi sai an juya shi."

Ya ce in shiga in gaishe shi.

Na same shi an jingina masa matasai ta ko'ina, ya rame, fuskarsa ta yi fari. Na yi sallama, wannan karon na yi. Ya amsa a hankali, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wa ɗansa ya je ya kawo wa baƙo ruwa. Da muka rage mu biyu sai ya ce, "Ɗan gwamnati, jiya ba ka yi sallama ba."

Na fashe da kuka, ƙato da ni. Na ce Malam aikina ne, 'ya'yana ne, oga ne.

"Na sani. Da ka yi magana da na sauko da kaina." Ya numfasa. "Tunda ciwon nan ya kama ni, can ne kawai nake samun barci. Yanzu ƙasa tana cina. Ka mai da min gwadona inda yake, ko kwana ɗaya ne in huta."

Na ce to. Wallahi na ce to, har na ce yau ɗin nan.

Amma da na hau babur sai lissafi ya dawo min. Gwadon yana sito, an rubuta shi a littafi. Rangadi jibi ne. In na sato shi na ɗaura, manya suka zo suka gani, ko wanda ya tsegunta wa oga tun farko ya ƙara tseguntawa, na gama yawo. Sai na ce wa kaina kwana biyu ne kawai, tsoho zai jure, da sun wuce ranar Alhamis da la'asar zan mayar. Haka na koma Takur na ci tuwo na kwanta.

Alhamis suka zo da motoci biyu, ko cikin dajin ba su shiga ba. A bakin titi suka tsaya, suka ɗauki hoto da allon gandun, ɗaya ya tambaye ni ko ana samun zuma, suka juya. Minti ashirin ba su yi ba. Da suka tafi na biya ta ƙauyen in ce wa Malam gobe-gobe, sai na tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Ya rasu tun Laraba da hantsi. Malam Ƙarami ya ce daga Litinin ɗin har ya cika bai runtsa ba, ko na ƙiftawar ido, yana ta tambaya wai ɗan gwamnati bai dawo ba? Ya ce, "Mun ɗauka zafin ciwo ne. Ko akwai wata magana tsakaninku?"

Na ce babu. A gaban mutane, a zaman makokinsa, na ce babu.

Ranar Asabar na lallaɓi mai sito na karɓo gwadon, na sayi sabuwar igiyar rama a kasuwa, na shiga daji da tsakar rana. Ban san me nake nema ba, na san dai an riga an binne shi. Na ɗaura a daidai gurbin tsohuwar igiyar, na ja na ƙulle, na koma gefe na tsaya. Gwadon yana rataye shafal, ba iska, ba komai. Har na juya zan tafi sai na ji igiyar ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in ta ɗauki nauyi. Na waiwaya. A kan idona tsakiyar gwadon ta fara sauka a hankali, a hankali, har ta lotsa, rassan marken suka ɗan girgiza, sannan komai ya tsaya.

Na yi sallama. Na sake yi. Na yi ta uku da ƙarfi, na ce Allah gafarta Malam, ni ne, na kawo. Ba a amsa ba. Na tsaya ina kallo ko zan ga yana ɗagawa yana sauka kamar rannan, bai motsa ba. Ban matsa kusa ba, ban leƙa ba, kuma ban gudu ba. Da baya da baya na bar wurin, daga ranar kuma ban sake bin ta wannan ɓangaren ba har na bar gandun.

Aikin da na riƙe da haƙora, bayan shekara biyu aka yi tantancewa aka ce takarduna ba su cika ba, aka sallame ni da takarda mai layi uku. Yanzu adaidaita nake ja a cikin Dutse. Na kai maganar wurin malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne ya ɗauki siffar Malam Ilu, ɗaya ya ce in yi ta sadaka ina yi masa addu'a in daina tone-tone. Ina yi. Amma ba wanda ya iya gaya min wanda na kayar rannan, ko wanda ya hau daga baya, ko kuma shirun nan da aka yi min fushi ne ko barci ne.

Ku da aka ba ku kaki da 'yar doka a hannu, ko gadin daji ne ko na kasuwa ko na tasha, ga abin da zan ce muku. In an aike ku ku tashi mutum, ku tsaya a gabansa ku yi magana ya ji muryarku, ko da kunya za ta kashe ku. In kuma mara lafiya ya roƙe ku abu kuka ce to, kada ku je gida ku ci tuwo tukuna. Ni na ce jibi, shi kuwa gobe kawai ta rage masa.