Maganar Ƙarshe ta Baba Tanko

Har in koma ga Ubangijina, ranar da Baba Tanko ya cika a hannuna ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa aka jefa ni tsibiri ina gab da samun ƙarin girma. Wasu sun ce magani na sayar, wasu sun ce shugabana na zaga. Na farkon ƙarya ne. Na biyun gaskiya ne, kuma zan zo kansa, don ba wanke kaina na zauna yi ba.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani ɗakin shan magani na bakin tafki, a ƙasar Ngaski, can gaba da Wara. Ga wanda bai san tsarinmu ba, irin wannan wuri babu likita. Akwai incaj, wato babban ma'aikacin da ke riƙe da wurin, shi ke sa hannu a komai, shi ke kai rahoto ƙaramar hukuma. A ƙarƙashinsa sai irina, masu yin allura da ɗaura ƙarin ruwa da wanke ciwo. Sai unguwarzoma da maigadi. Ba mu da ɗakin ajiye gawa. In mutum ya rasu, incaj zai duba ya tabbatar, a miƙa wa dangi, kuma da zafin bazarar ƙasarmu dole a rufe shi kafin rana ta faɗi.

Incaj ɗinmu Oga Markus ne. Kirista ne kamar ni, har ma dattijo ne a ikilisiyarsu. A shekarar aka sa shi cikin wani kwamitin zaman lafiya, ya je bita birni, ya dawo da wata magana da ba ta barin bakinsa: “Duk hanyar Allah ce.” In Musulmi ya zo, ita ce. In mai bin addinin kakanni ya zo da layu a damtse, ita ce. Na sha jin ta, na sha gyaɗa kai ina dariya, alhali na san ban yarda da ita ba. Tsoron ɓata wa na gaba da ni rai ya daɗe a jikina.

Baba Tanko kuwa Bakambare ne, tsohon masunci. Yawancin rayuwarsa addinin kakanni ya bi. Babban ɗansa Haruna ya musulunta tun yana saurayi, ya zama dillalin kifi a kasuwar Yelwa, mutum ne mai riƙon iyaye, ba wanda zai musa. 'Yar tsohon, Rifkatu, ita ta kai shi coci, aka yi masa baftisma a cikin tafki da furfurarsa. Da ciwon hanta ya kama shi, Haruna ya zo ya ɗauke shi zuwa Yelwa, ya yi jinyarsa har tsawon wata da watanni. Da tsoho ya dawo gida sai magana ta bazu cewa ya musulunta a can, wai an gan shi yana alwala kusa da ɗansa. Rifkatu ta ce sam. Shi kuma in an tambaye shi, sai ya yi dariya ya ɗauko zancen tsadar raga.

A irin gidajenmu da addini ya rabu biyu, in dattijo ya tafi bai fayyace ba, wanda ya tsaya a kansa ake tambaya: me ya faɗa a ƙarshe? Amsar ita ke nuna waɗanda za su wanke shi da maƙabartar da za a kai shi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, aka kawo shi cikin kwalekwale, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Oga yana wurin dagaci. Rifkatu ta ruga tudun bayan kasuwa, inda waya ke samun sabis, don ta kira Haruna. Ni kaɗai na rage ina neman jijiya.

Ya ce, “Ishaya, jikana, wannan hannu ne ko ƙugiya?”

Na ce, “Baba, jijiyarka ce ke zillewa kamar tarwaɗa.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya kama wuyan hannuna ya ce, “Bar ruwan nan, ba inda zai kai ni. Yi mini addu'a, irin tamu. Ka ambaci sunan, kada ka haɗiye shi yadda kuke yi a taro.”

Na ce, “Baba, an ce ka sauya a Yelwa.”

Ya ce, “Kunyar Haruna na ji. Yaro ya ɗauke ni, ya ci da ni, ya wanke mini ƙazanta da hannunsa. In ya zuba ruwa a buta ya miƙo, in ce masa me? Amma ni na Yesu ne. Shi ya mutu domina, wurinsa za ni.”

Na yi addu'ar, na ambaci sunan. Ya ce amin da ƙarfi fiye da yadda na zata. Kafin Rifkatu ta sauko daga tudu, rai ya yi halinsa.

Oga ya zo ya duba ya tabbatar, sa'an nan ya ja ni ɗakin ajiyar magani ya tura ƙofa. Ya tambaye ni ko tsoho ya yi magana. Na faɗa masa duka. Ya yi tsaki.

Ya ce, “Ishaya, kai mai hankali ne. Haruna yana tafe cikin jirgin ruwa da mutanen Yelwa. Ka ce Allah kawai ka ji yana kira. Shi ke nan. Liman ya yi nasa, fasto ya yi nasa, a haƙa masa a filin da ke tsakanin maƙabartun biyu. Kowa ya samu. Zan ma ɗauki hotonsu suna gaisawa a bakin kabari, kwamiti zai ji daɗi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba abin da ya faɗa ke nan ba.”

Ya ce, “Shi ya riga ya tafi, Allah ya san nasa. Mu da muka rage mu za mu zauna da juna. Duk hanyar Allah ce.”

Mutum bai gama hucewa a kan gado ba, dattijon ikilisiya yana lissafin hoto! Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma me na ce? Na ce, “To, Oga.”

Bayan azahar jirgin Yelwa ya iso. Haruna ya shigo da likkafani a hammata da turare a leda, mutanensa na biye da shi. Ya duba fuskar mahaifinsa, ya yi masa abin da ɗa ke yi, ya fito baranda inda jama'a suka taru. Liman na can zaune a kan benci, fasto a tsaye can gefe, Rifkatu a ƙasa cikin mata.

Haruna ya ce, “Malam Ishaya, an ce kai ne a kansa. Don Allah, mi yac ce?”

Na dubi Oga, Oga ya dube ni. Na ce, “Muryarsa ta yi ƙasa sosai.”

Ƙarya ce. Amin ɗinsa ko daga bakin ƙofa za a ji. Rifkatu ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, don ita ma ba ta san inda ubanta ya tsaya ba. Nan take Oga ya shiga tsakiya da murmushi, ya shimfiɗa shawararsa ta liman da fasto da filin tsakiya, yana cewa wannan ƙauye zai zama abin koyi.

Limamin nan tsoho ne, maƙwabcina, ni ke auna masa hawan jini, shi ke aiko mini da nama kowace babbar salla. Ya bari Oga ya gama, sa'an nan ya dogara sandarsa ya miƙe.

Ya ce, “Markus, wanga abu da kake faɗi ba ya cikin namu, kuma ban zata yana cikin naku ba. Gawa ba abin rabo ba ce. In Musulmi ne, haƙƙinsa na bisa wuyanmu, mu wanke shi, mu sallace shi. In ba Musulmi ba ne, ba mu da hurumi. Ishaya, dube ni nan, bar kallon ogan naka. Ka ji, ko ba ka ji ba?”

Kunya ta rufe ni. Ga mutumin da bai yarda da abin da na gaskata game da Yesu ba, amma shi ne ya ƙi a haɗa baki a yi wa mamaci ƙarya, ni da na yi addu'ar ina rarraba ido. Na ce, “Na ji, Malam.” Na maimaita maganar tsoho tun daga farko, da zancen jinya, da zancen buta, har zuwa inda ya ce shi na Yesu ne, wurinsa za shi.

Haruna ya yi wuf ya cakumi rigata. “Kai ka sa mai magana a baki! Mutum na fitar rai kuna kai mai tallar addini! Ina kuke sadda nike kwana zaune da shi?”

Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Liman ya shiga ya ɓamɓare hannunsa, ya ce, “Haruna, yaron nan ba shi da ribar da zai ci ga wagga magana, sai asara. Sake shi.”

A nan ne Oga ya ɗaga murya ya ce wa jama'a su yi haƙuri, wai ni yaro ne, na karya dokar aiki, an hana wa'azi ga majinyaci, kuma hukuma za ta ɗauki mataki. Jin haka sai idona ya rufe. Na kira shi munafuki. Na ce ya sayar da Ubangijinsa don kujerar kwamiti. Na ce ya ɗauki hoton kansa ya rataya a wuya. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba, a gaban baƙi, ga gawa kwance a ciki, ga mutumin ya girme ni nesa ba kusa ba. Wanda ya gama ba da shaidar Almasihu bai kamata a ji zagi daga bakin nan ɗaya ba. Na yi kuskure, kuma ba na neman kowa ya rage mini shi.

Liman ya sallami mutanensa. Haruna ya koma jirgi ya zauna shi kaɗai ya ba gari baya. Ana cikin shirya gawa sai ga shi ya dawo, ya ajiye likkafanin a cinyar Rifkatu ya ce, “Ubana ne. Ki sa mai.” Ya karɓi shebur, ya haƙa tare da samarin coci har aka kai ƙasa. Da aka fara waƙa, ya ja mutanensa suka koma gindin wata bishiya a bakin ruwa, suka tsaya har aka rufe. Daga nan suka hau jirgi. Ba a ɗauki hoto ba.

Cikin makon takardar tuhuma ta zo, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa kafin a hukunta shi. Aka kira ni ƙaramar hukuma kan laifi biyu, wa'azi ga majinyaci da rashin ladabi ga shugaba. Na amsa na biyun, na musanta na farkon, na ce majinyaci ne ya roƙa, ni kuma ba zan hana mai mutuwa addu'arsa ba, ko ta wane addini ce. Da Musulmi ne da na ruga na kira masa liman. Aka dakatar da ƙarin girmana, aka tura ni wani tsibiri inda sai da jirgi ake zuwa, iyalina suka zauna Yelwa. Kafin in tafi na je gidan Oga na durƙusa na roƙi gafarar zagin. Ya ce ya yafe, amma in ƙara da cewa ban ji tsoho da kyau ba, sai ya sa baki a soke canjin. Na ce wannan kam ba zan iya ba. Haruna kuwa, har yau in mun haɗu a kasuwar Yelwa ba ya amsa gaisuwata. Ina ci gaba da gaishe shi.

Abin da ke ƙona mini rai har yanzu shi ne yadda ake ɗaukar kalmar zaman lafiya a rufe bakin mai gaskiya da ita. Ni na gaskata Yesu ne kaɗai hanyar ceto. Liman ya san haka nake, ni ma na san abin da ya riƙe, kuma hakan bai taɓa hana ni tsallake katanga in auna shi ba, bai hana shi tsaya mini ranar da nawa ya juya mini baya ba. Masu cewa duk ɗaya ne suna jin su ne masu mutunta kowa, alhali sun raina Musulmi, sun raina Kirista, sun mai da abin da mutum ya mutu a kai wasan yara. Ina roƙon Ubangiji ya cire mini ɗacin da nake ji game da Oga Markus, don har yau bai gama fita ba.

Ku 'yan baya, ga abin da na koya. A aikin nan za ku sha zama ku kaɗai da mutum a sa'ar da danginsa suka fita neman kunu ko sabis, kuma mutane kan faɗi gaskiyarsu a wannan sa'ar. Abin da suka faɗa amana ce, ba taku ba ce balle ku gyara ta don ta yi wa masu rai daɗi. Ku miƙa ta yadda kuka karɓe ta, da ladabi, ba irin nawa ba. Kuma kada ku jira sai wani tsoho ya dogara sanda ya miƙe ya tambaye ku sau na biyu.