Na Ɓatar da Kabarin Gwaggo a Mu'alla

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Gwaggo Hansai maƙabartar Mu'alla. Ita ta goyo ni daga Daura har Makka, a ƙafa, ta ƙasar Sudan, ta raine ni a unguwar Jarwal da tuyar waina.

A nan ba a rubuta suna a kabari. Ranar jana'iza na kafa wani baƙin dutse daidai kanta. Da damina ta sauko da ambaliya daga kan duwatsun Makka, sai na tarar ruwa ya baje wurin, baƙaƙen duwatsu ko'ina. Tun ran nan ban san inda take kwance ba. Nakan tsaya nan, zuciyata ta ce can ne. Ina tsoron ko wani nake ta yi wa addu'a ita tana jira, ina kuma tsoron ko kanta nake takawa.

Yau Mu'alla ta zama wurin zuwan baƙi. Lori yakan sauke alhazai, wasu ma a jirgin sama suka zo ƙasar, jagora na gaba yana nuna musu sashen magabata, askarawa na hana shafar ƙasa. Nakan raka mutanenmu, idona na kan sawunsu. Me Gwaggo za ta ce? Ina jin dariya za ta yi mini, ta ce zumunta a ƙafa take, bar su su shigo.

Bara wani dattijo ya ga ina ta kaffa-kaffa, ya ce, "Ɗana, wa gare ka a nan?"

Na gaya masa. Ya ce, "Daga wane gari?"

"Daura, Baba."

Sai ya juya ga filin nan, ya yi wa mazaunansa sallama duka, sannan ya ƙara da Hausa: "Hansai, bana an yi ruwa a gida, gero ya yi kyau."

Na tsorata, don ban san ko ya halatta ba. Amma labarin daminar gida ita ce tambayar da Gwaggo take fara yi wa kowane sabon alhaji, kafin ta miƙa masa waina. Ni kuwa ban gaya masa hakan ba.

Baƙo raɓa ne, dattijon ya koma gida. Har yanzu ban gano wurin ba. Amma duk alhajin da na raka, a bakin ƙofa nakan tambaye shi labarin damina, kuma ina ɗan ɗaga murya, ko Gwaggo ta ji. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini in kuskure ne.