Baƙon Da Ke Cikin Cinyar Yaya Manu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Manu makwancinsa a Lafagu, amma har yau in na ji ƙarar babur a hanyar Illo sai na waiga. Shi ne babba a ɗakinmu, ɗan kabu-kabu mai kai albasa bakin iyaka. Bakinsa ba ya shiru, kuma ba ya kirana da sunana sai "Malam Alli", don ina koyarwa a firamare.

Wata damina ya faɗi da kaya, cinyarsa ta dagargaje. Maɗori ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. A asibitin birni aka sa masa ƙarfe, sumul, mai nauyi. Ya tashi ya taka, amma kullum cewa yake akwai baƙo a jikinsa, kuma baƙon yana motsi. Mu yi ta dariya, shi ma ya taya mu. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙarfen ya ɗauke nauyin duka, ƙashin da ya rasa aikin yi ya dinga zaizayewa, wurin ya kwance ya tara ruwa. Ciwon nan ne ajalinsa.

Da ya ga tafiya ta zo, ya riƙe hannuna ya ce, "Garba, in na tahi, ku hidda min ƙarhen ga. Ban son in tashi da shi." Ranar kaɗai ya kira sunana. Liman ya ce ba a yanka gawa, haka muka rufe shi da baƙonsa.

Bayan wasu shekaru kogi ya cika ya ci gefen maƙabarta, muka fita sake binne waɗanda ruwa ya tono. Ni na gane nasa. Ƙarfen yana kwance gefe guda, fes, ko tsatsa babu, ƙashi bai kama shi ko'ina ba. Na haƙa masa raminsa daban, can nesa da yayana. Tun ranar hoton nan bai bar idona ba.

Bana ɗansa Buba ya faɗi a hanyar nan, da irin kayan nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Likita ya ce ko ƙarfe, ko a yanke ƙafar. Hajo, uwar yaron, ta ce ƙarfe ya ci uban, ba za ta miƙa masa ɗan ba.

Likitan ya ɗora mini wani guntun irin ƙarfen da zai sa wa Buba a tafin hannu, marar nauyi, duk huji kamar saƙar zuma. Ya ce na'ura ce ke gina shi daga garin ƙarfe, hawa bisa hawa, kuma auna ƙofofin ake yi. In sun matse, jini ba ya shiga, ƙashi kuwa jini yake bi. In sun yi faɗi da yawa, ƙarfen ya rasa ƙwari. Kuma yana ɗan ba da kai in an taka, don ƙashi ya ci gaba da ɗaukar rabonsa.

Na kai wa Hajo, na gaya mata abin da na gani a maƙabarta, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta karɓa ta jujjuya. Sai ta kai guntun bakinta ta hura, iska ta fita ta bayansa.

"Wanga dai ya bar ma yaro wurin shiga," in ji ta. Ta yarda.

Da Yaya Manu na nan, na san rariya zai kira shi, ya ce an sa wa ɗansa kayan tankaɗe. Bayan ya gama tsiyarsa kuma zai yi kuka, don abin da ya nema ke nan bai samu ba. Allah Ya haskaka kabarinsa.

Bai bar gona ba, babur ɗin ma ya tafi. Abin da ya rage mini nasa shi ne maganar da muka mayar wasa. Buba yana takawa da sanda yanzu, hoton asibiti ya nuna ƙashi ya fara shiga ƙofofin. Duk da haka, in ya zo gaishe ni sai na tambaye shi ko yana jin motsi. Ya ce, "A'a, Baffa," yana dariya irin ta ubansa. Ni ba na taya shi.