Mutumin da Yake Tsayawa a Ƙarƙashin Gada

A daminar da rafin ƙauyenmu ya tafi da ƙanena Ayuba, ina 'yar shekara tara, wata ranar Alhamis na tsaya a bakin ruwan nan da ƙwaryar tuwon acca a kaina, na kasa gaba na kasa baya. Iyayena suna ƙetare a gonar citta, ba su karya ba tun safe. Sauran 'yan mata sun ɗage zane sun shiga, ni kuwa ƙafata ta ƙi. Tuwon ya huce a kaina, na koma gida na sha bulala.

Akwai wani yaro a maƙwabtanmu, Bulus, ɗan leburan reluwe. Tun da aka ɗaura mana aure ban ƙara kiran sunan nan ba sai yau, da nake faɗa ana rubuta mini. Shi ba ya wasan langa, ba ya bin tsuntsaye da danƙo. In an aike shi kiwon awaki sai a same shi a gefen layin dogo yana tsintar guntun waya. Kwana kaɗan bayan na sha bulalar nan ya sari gora, ya jera, ya ɗaure da wayoyin nan a inda rafin ya tsuke, ta zama gada. Da ya gama, maimakon ya hau, sai ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashi, ruwa har ƙirji. Ya ce, “Ladi, wuce. In ta karye, a kaina za ta fara faɗowa.” Na wuce ina kuka, ina ganin ƙeyarsa ta tsakanin gorar.

Haka ya yi aikinsa har ya tsufa. Ya yi karatu, ya shiga soja, ya zama injiniyan gada. Abokan aikinsa sun ba ni labarin cewa a lokacin yaƙi, duk gadar da ya haɗa, sai ya tsaya a ƙarƙashinta har motar farko ta wuce. Ya dawo mini Kafanchan, inda muke zaune, da kunne ɗaya a toshe, da shirun da ban san shi da shi ba, kuma bai taɓa faɗa mini abin da ya gani ba. Amma ko rumfar kicin ya kafa, sai ya ɗauko kujera ya zauna a ƙasanta yini guda. Yara suna tsokanarsa, “Baba, rumfa ce fa, ba tankar yaƙi za ta hau ba.” Ya ce, “Uwarku ce za ta shiga.”

Bara ya rasu. A ƙauye aka binne shi, ƙetaren rafin nan. Yanzu gadar siminti ce, keke da mashin suna ta wucewa, ba mai ko leƙawa. Ranar jana'iza na sauka daga mota a bakinta, na duba ƙasa, ba kowa. Ƙafata ta ƙi, kamar ina 'yar shekara tara. Matan zumuntar coci suka roƙe ni, fasto ya yi addu'a, a banza. Aka sa mijina a ƙasa ina zaune a kan dutse, ina jin waƙa daga nesa. Shekara guda na yi ban ga kabarinsa ba, abin yana cina.

Makon jiya babban ɗanmu Iliya, mai furfura yanzu, ya sake kai ni. Bai lallashe ni ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya gangara cikin taɓo. Na ji muryarsa daga ƙasa: “Mama, wuce.”

Na wuce, na zauna a gefen kabarin har rana ta karkata. Gadar da ta fara ɗaukata gora ce da waya mai tsatsa, tana lilo, amma ina ganin ƙeyarsa. Wannan ba ta motsi, ba ta kuma da tsagar da zan leƙa.