Baba Bai Jefa Fatsarsa Ba

Babana masunci ne. A Yauri aka haife shi, a bakin kogin Kwara ya tsufa, kuma duk garin an san shi da kamun giwan ruwa. Ni aure ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna zaune a wani ƙuntataccen gidan bene a Pantai Dalam.

Aikin ido ya kawo Baba wurinmu. Da aka cire masa yanar ya fara gani tangaram, sai ya kwance wani ƙullin tsumma ya nuna mini. Fatsarsa ce.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci, "kafin in koma ina so in jefa wannan a teku. Na riga na faɗa wa mutanen bakin ruwa."

Bai ce a kai shi kallon dogayen benaye ba, bai tambayi kasuwa ba. Wannan kaɗai ya roƙa.

Muka hau bas zuwa Terengganu, inda masu hutu ke ɗaukar hayar jirgi a kai su kamun kifi. Jirage a jere, kowa na kiran mutane. Ni tun daga nesa na ga wanda nake so, babba ne mai rumfa, mai shi dattijo da farar hula. Ya gaida Baba hannu biyu, sannan ya nuna shi ya tambayi maigidana, "Mabuk tak?"

Maigidana ya haɗe rai. Yaren mutanen ƙasar a teburin mamak, wato wurin shan shayi, ya tsince shi, kuma abin da ya sani shi ne mabuk buguwa ce da giya.

"Kin ji? Wai ko Baba mashayi ne. Baba fa!"

"Malam, tambaye shi me yake nufi mana."

"Ke kika iya yaren ko ni?"

Na san inda ciwon yake. A ƙasar nan an sha kashe mana waya da an ji daga Afirka muke, an sha matse jaka idan mun shiga lif. Amma mutumin nan yanzu ya gama riƙe hannun Baba. Dattijon ya sake buɗe baki, maigidana ya ɗaga masa hannu ya ja mu gaba.

Wanda ya zaɓa wani saurayi ne mai ƙaramin jirgi, ba rumfa, sai inji mai ƙara. Shi komai boleh, wato zai yiwu. Akwai kifi? Boleh. Manya? Boleh. Da mun ce ya kai mu Jidda ma boleh zai ce.

Baba ya zauna a gaba yana ɗaura ƙugiya, fuskarsa kamar ranar sallah. Amma kogi tafiya yake da mutum, teku kuwa ɗaga shi yake ya sake shi. Gaɓa na ɓacewa na ga gumi ya wanke masa wuya. Sai amai. Hularsa ta faɗa ruwa, ko kallonta bai yi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsaye a kan kwale-kwale ya kwanta a gindin jirgi, cikin ruwan ƙarni, ni ina tallafe da kansa ina tsoron kada idon ya lalace.

Saurayin ya rage gudu, ya nuna igiyar ruwa, ya nuna Baba.

"Mabuk! Mabuk laut!"

Laut dai ko ni na san teku ne. Ya kwaikwayi haɗiyar ƙwaya, ya nuna gaɓa, ya kaɗa kai. Jirin teku ke nan, kuma maganinsa tun kafin a hau ake sha. Abin da dattijon nan ke tambaya ke nan. Na dubi maigidana, ya dubi wayarsa.

Da muka dawo, dattijon da aka ɗaga wa hannu shi ya shiga ruwa ya taya mu ɗauko Baba.

Da yamma maigidana ya kawo shawara, wai a sayi babban kifi wurin masunta, Baba ya riƙe a ɗauki hoto.

"Malam," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa, "ban taɓa riƙe kifin wani na ce nawa ne ba."

Na ce gobe mu hau babban jirgin. Na yi masa bayani har na gaji, kalma ce aka ji baibai, ƙwaya ɗaya ce kawai, su ma mutanen nan suna sha.

"Masunci ya sha magani don ruwa? Bari, Uwata. Ruwan ne ya ƙi ni."

Ya mayar da fatsar cikin tsumma, ko jiƙewa ba ta yi ba.

Maigidana har yau bai ba Baba haƙuri ba. Idan na tayar da zancen sai ya ce ai kowa ma haka zai ji. A'a, ba kowa ba. Da wani ne, da ya tambaya.

Bayan Baba ya koma Yauri, Innata ta ce a bakin ruwa suna ta tsokanarsa, ina kifin tekun, Sarkin Ruwa? Shi kuma yana ce musu likita ne ya hana shi hawa jirgi saboda ido. Mutumin da ya ƙi riƙe kifin wani, ga shi da tsufansa yana ƙarya. In an kira ni daga gida an tambaya, ni ma cewa nake e, likita ne.